Ranar da Sista Ta Hau Tarakta

Matata ta shiga makarantar jinya tana da 'ya'ya biyu, kuma duk Gadarif babu wanda ya kai ni kumbura da wannan labari. Ni malamin firamare ne, Larabci nake koyarwa. Duk wanda ya zauna kusa da ni a wurin mai shayi a shekarun nan ya san matata na karatun nas, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. Makarantar tasu a harabar asibiti take, irin ta da: farar riga, farin kallabi, tsayuwa a layi da sassafe, a duba farce, a duba takalmi, sannan a raba su ambar-ambar, wato ɗakunan da ake kwantar da marasa lafiya. Da la'asar take dawowa, ƙafafu a kumbure, tana warin maganin goge ƙasa, kuma ba ta da hirar kowa sai ta Sista.

Sista ita ce babbar malamarsu ta aikin hannu. Gajeruwa ce mai jiki, tabarau a rataye a wuya, agogo a maƙale a ƙirji. Ta tsufa a asibitin nan, har likitoci na gyara tsayuwa in sun hango ta. Sau biyu ko uku na gan ta, ban taɓa jin komai a bakinta ba sai Larabci, shi ma gajere-gajere. Matata ta ce in ka gyara gado, Sista za ta zo ta shafa zanin da tafin hannu, in ta ji inda ya tattare ko kaɗan, sai ta yaye shi duka ta yar a ƙasa ta wuce ba uffan. Sauran ɗalibai tsoronta suke ji. Tawa kuwa son matar nan take yi kamar ta haɗiye ta, har tafiyarta ta fara kwaikwaya, har gadona na gida ya shiga uku.

Ana saura shekara guda ta gama, surukata ta faɗi a bakin murhu tana yin kisrar rana, wainar dawar nan tamu. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, maganarta ta koma kalma biyar ko shida. Garinsu wani ƙauyen Hausawa ne a gindin dutse, can gaba da Ƙala'at an-Nahal, inda kowa riɗi da dawa yake nomawa. Aka kawo ta asibitin Gadarif, ta yi sati uku, suka ce iyakar abin da za su iya ke nan, saura sai kula a gida.

Ni na ɗauka magana ta ƙare: ga gidana, ga ɗaki, ga asibiti kusa, matata ta ci gaba da karatunta. Ashe na manta da wa nake magana. Inna, haka muke kiranta, tun da na auri 'yarta ba ta taɓa cin abinci a gabana ba, ba ta taɓa kiran sunana ba. In na yi sallama sai ta ja mayafi ta juya fuska, mu gaisa ina tsugune a waje. Mace irin wannan ce za ta kwanta a gidan surukinta, a ɗauke mata tasar bayan gida yana jin motsi? Da aka gaya mata, ba ta iya musu da baki ba, sai ta rufe bakin. Kwana biyu ko ruwa ta ƙi karɓa. A rana ta uku yayyen matata suka ɗauko mota suka mai da ita ɗakinta na ciyawa, a nan ta buɗe baki ta sha kunu.

'Ya'yanta maza huɗu ne, mace ɗaya tak. Matan 'ya'yan ba su da laifi, amma Inna ba ta yarda ko ɗaya daga cikinsu ta buɗe mata zani ba. To wa ya rage? Matata ba ta tsaya shawara da kowa ba. Ta kai yaranmu wurin mahaifiyata, ta haɗa kayanta. Ni ne nake ta zagaye tsakar gida ina cewa shekara biyu fa, shekara biyu sun tafi a banza ke nan? Ta ce ba su tafi ba. Ashe ta riga ta bincika, ta samo wata jami'a mai karatu daga nesa, wadda za ta lissafa mata shekara biyun da ta yi, ta ɗora daga nan ta waya, kuma a ƙarshe digiri za ta samu maimakon difloma. Abin da ake bukata kawai makarantarta ta sa hannu a takardar canji.

Na raka ta, na tsaya a bakin ofis. Sista ta saurare ta har ta gama, sannan ta ce, “Jinya ta waya? To marasa lafiyar ma ta waya za ki riƙa juya su?” Ta ja takardar ta sa hannu ko kallonta ba ta yi ba, ta miƙa mata, ta ci gaba da rubutunta. Matata ta riƙe kanta har muka shiga raksha, keken hayar nan mai ƙafa uku, a nan ta fashe da kuka. Na ji haushin tsohuwar nan ƙwarai, na faɗi abin da na faɗa a kanta, matata kuma ta ce in yi mata shiru.

Daga nan na koma ɗan hanya. Duk Alhamis in an tashi makaranta sai in nemi mota, in kwana ɗakin baƙi na yayanta, in dawo Asabar. Abin da na gani a watannin nan har gobe ina jinjina shi.

Gadon Inna angarib ne, gadon igiyar nan namu da ke lotsawa a tsakiya. Matata ta sa aka ɗaure igiyoyin tamau, aka ɗora ƙafafun a kan bulo har ya kawo mata ƙugu, kamar na asibiti. Ta ɗinka ƙananan matasai ta cusa musu auduga, na ƙarƙashin gwiwa daban, na diddige daban, na hannun da ya mutu daban. Duk awa biyu sai ta juya ta, dare da rana, don kada gyambon kwanciya ya kama ta. A ƙauyen kuwa babu shabaka, waya ba ta kamawa sai a kan dutse. Saboda haka da ta gama juyin safe sai ta ɗaura ɗamara ta hau, ta zauna a kan wani falalen dutse, ta sauke darussan ranar, ta tura aikin jiya, ta sauko da sauri kafin awa biyun su cika. Mutanen gari suka sa wa dutsen suna jami'a. In ka tambayi ina take, sai a ce maka ta tafi jami'a, yanzu za ta sauko.

Darussan a kunne take jin su, tana wanki, tana dama kunu, tana shafa wa Inna man riɗi a ƙafa. Wani lokaci takan saki muryar malamin a ɗakin, ta ce Inna na son ji, in ya yi tsawo da yawa kuma sai ta yi tsaki da gefen bakin da ke aiki. Jarrabawar rubutu ta zo, ta yi ta a kan dutsen nan, lema a hannu ɗaya. Ta ci, ci mai kyau. Ranar da sakamako ya fito, sai da mai shayinmu ya roƙe ni in canza hira.

Damina na tsaka sai ga saƙo daga jami'a. Duk wanda ya canzo daga wata makaranta dole ya nuna aikin hannunsa kafin ƙarshen wata, in ba haka ba canjin ya rushe, ya koma aji ɗaya. Abu huɗu suke so su gani: wanka a kan gado, juya mara lafiya, canza zani yana kwance a kai, da ciyar da wanda haɗiya ke yi wa wuya. Hanya biyu suka bayar. Ko dai malamin jinya mai rajista ya tsaya ya gani da idonsa ya sa hannu, ko kuma a ɗauki bidiyo a tura musu. Malami mai rajista a ƙauyen da ko mota ba ta shiga da damina? Ƙasarmu baƙar laka ce, in ta sha ruwa takalminka ma sai ta ƙwace. Tarakta kaɗai ke ratsa ta. Ita kuma ba ta da halin barin Inna ta zo Gadarif ta yi kwanaki a ambar.

Ni dai da na karanta saƙon dariya na yi. Muna zaune a ƙarƙashin rumfa, na ce, “To ai shi ke nan. Ga mara lafiya Allah ya ajiye miki a ɗaki, abu huɗun nan kullum sai kin yi su. Ki jingina waya a kan tulu, halas, an gama.”

Ta ce, “Malam, wa zai kalla?”

“Malamanku mana.”

“Maza nawa ne a ciki? Ka san su? In sun gama kallo ina za a ajiye shi?”

Na ce to ta rufe mata fuska. Ta ce ita Inna ba ta san jikinta ne ba? Na ce, kuma Allah ya yafe mini, “Ai ba sai ta sani ba.”

Kallon da ta yi mini ban taɓa ganinsa a fuskarta ba. Ta ce, “Ranarmu ta farko a ambar, kafin a nuna mana ko allura, jan labule Sista ta koya mana. In na yi abin da ka faɗa, na fita daga aikin nan tun ban shiga ba.”

Na sauko, na ce to ta nemi izininta, ai Inna na ji, tana ganewa. Ta murza gefen zaninta, ta ce, “Za ta yarda. Ta san abin da na baro saboda ita, kullum yana cin ta. In na tambaya za ta ɗaga kai ta ce to, ta runtse ido a yi. Shi ya sa ba zan tambaya ba.”

Kai, ranar na yi faɗa. Na ce taurin kai ne, na ce ta tuna yaranmu da ke kwana babu uwa, na ce in aka mai da ita aji ɗaya na san ba za ta sake farawa ba, ita ma ta sani. Ba ta musa ba. Ta ce in haka Allah ya rubuta, ta gode da shekara biyun, ai ga amfaninsu a ɗaki. Ta tashi ta shige. Ni kuma ko kwanan ban yi ba, na bi taraktar yamma zuwa bakin titi ina huci.

A hanya dabara ta zo mini, irin dabarar da ke zuwa wa mutum in ransa a ɓace yake. Sista ta yi ritaya a shekarar, amma rajistarta na nan. Ta san hannun matata shekara biyu. Me zai hana ta sa hannu daga ɗakinta? Na buga takardar a shagon kwamfuta, na nemi kwatancen gidanta. A wurinmu ba a zuwa gaida babba hannu rabbana, wannan kowa ya sani, saboda haka na ɗauki jarkar man riɗi da yayan matata ya ba ni, na ƙara da ɗanyen kofi na Habasha. Na yi ta gaya wa kaina gaisuwa ce. Amma tsakani da Allah, jarkar nan ta fi ƙarfin gaisuwa, sai da mai raksha ya taya ni sauke ta.

Na same ta a tsakar gida, ƙafafu a miƙe a kan kujera, gwiwoyi a naɗe da bandeji. Muka gaisa. Na tura jarka gaba, na fito da takarda, na shiga zuba: ai kin san ta, ai 'yarki ce, ai sa hannu ne kawai. Ta sa tabarau ta karanta takardar tun daga sama har ƙasa. Ta kalli jarka. Ta kalle ni.

“Ya Ustaz, a makarantarku haka kuke ba yara maki?”

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Ni kuma halina, in kunya ta kama ni sai ta juye faɗa. Na miƙe tsaye na ce ai duk ita ta jawo, taurin kan da ta ɗura wa matata ne zai sa ta yi asarar karatunta, ga hanya mai sauƙi an ba ta, ta ɗauki uwarta a waya ta tura, ta ƙi, wai labule.

Sista ta cire tabarau. “Ta ƙi?”

“Ƙememe.”

“Me ta ce? Faɗa mini yadda ta faɗa, ban da ƙari.”

Na maimaita mata, har da maganar cewa Inna za ta yarda, shi ya sa ba za a tambaye ta ba. Ta sake duba takardar. Can ta ce, “Wata nawa tsohuwar take kwance?” Na ce goma sha ɗaya. Ta ninke takardar ta sa a ƙarƙashin matashi.

“Asabar da safe ka zo ka ɗauke ni. Ban ce zan sa hannu ba, na ce zan gani. In ka gaya mata ina zuwa, zan sani da na shiga ɗakin, kuma zan juyo. Ɗauki manka.”

Haka na fito da jarka a kafaɗa, murfin bai rufu da kyau ba, mai na bin jallabiyata har gida.

Kwanakin nan uku ban ji daɗin abinci ba. Ina tsoron ta je ta ga wani abin da bai yi mata ba, ta yaye zani ta yar, ta kashe maganar gaba ɗaya. Ina kuma tsoron ta buɗe baki a gaban matata ta ba da labarin jarka. Sau nawa na ɗauki waya zan rubuta saƙo ina ajiyewa.

Asabar muka hau bas zuwa mararraba, inda kwalta ta ƙare. An kwana ana ruwa. Tarakta ɗaya muka samu, tana jan tirela cike da leburori masu zuwa cirar ciyawa a gonakin riɗi. Na kalli tsayin tirelar, na kalli gwiwoyin Sista, na ce ko mu haƙura sai ƙasa ta sha iska. Ta ce, “Kai ka haƙura.” Mata biyu suka kama ta ta sama, ni da direba muka tallafa ta ƙasa, aka ɗora ta a kan buhun albasa. Ta buɗe lema, ta gyara farin tob ɗinta, wato lulluɓinta, ta zauna ƙyam. Awa uku muka yi a tafiyar da ba ta kai awa ɗaya da rani. A wani kwari muka kafe, duk maza muka sauka turi, laka har cinya. Duk girgizar da tirelar nan ta yi ina ganin yadda take cije leɓe, amma ko wash ba ta ce ba. A nan haushinta ya fara fita daga raina.

Da azahar muka isa. Matata na shanya zannuwa a ƙarƙashin rumfa, abin ji a kunne, tana gyaɗa kai. Ta juyo ta gan mu. Zanin da ke hannunta ya faɗi, ta ƙame, sai na ga ta kai hannu tana gyara kallabi, tana leƙen farcenta. Sista ta ce mata ruwa da sabulu. Ta wanke hannu har gwiwar hannu, ta ce, “Mu je.”

Ni ba ni da shiga. Ɗakin surukata ne, ban taɓa sa ƙafa a cikinsa ba, ba kuma ranar zan fara ba. Na zagaya baya, na kifa turmi na zauna a jikin zanar ɗakin. Na san ba kyau, amma na kasa kunne.

Sai na ji murya ta ce, “Salamu alaikum, Inna. Sannu da jiki. Sannu, sannu. Allah shi ƙara sauƙi.”

Da Hausa! Hausa tsantsa, irin ta kakanninmu, wadda ba Larabci ko ɗaya a ciki. Saura kaɗan in faɗo daga kan turmi. Sista ce. Ta ci gaba a hankali, ta ce ita ce malamar ɗiyarta, daga Gadarif ta zo don ta ga aikin hannunta, in ya yi kyau ta shaida wa makaranta. Ta ce, “Sai na duba bayanki da ƙafafunki, in ga wanka, in ga ci. Ni kaɗai, ƙofa a rufe, ba waya, ba kowa. Ga hannuna cikin naki. In kin yarda ki matse sau ɗaya. In ba ki yarda ba ki matse sau biyu, in koma inda na fito, kuma ba zan riƙe kowa da komai ba.”

Ɗakin ya yi tsit. Ina jin kaji, ina jin taraktar tana nisa. Matar da ta hana matan 'ya'yanta, yau ga baƙuwa daga birni. Na ce a raina shi ke nan, mun sha laka a banza. Ban san iya lokacin da aka ɗauka ba. Sai na ji an ja ƙyauren ƙofa, sannan na ji ƙarar ruwa ana zuba shi a kwano. Na sunkuyar da kai na yi hamdala, na tashi daga wurin, don abin da ya rage ba nawa ba ne.

Sauran daga bakin matata na ji. Ta ce Sista ta duba diddige, ta duba ƙugu, ta duba gadon baya da kafaɗu, ta leƙa bayan kunne da tsakanin yatsun ƙafa, ta buɗe baki ta duba harshe, har katifa ta sunkuya ta sansana. Wata goma sha ɗaya, ko jan fata ba ta samu ba. Ta ƙi yarda a yi mata komai don nuni. Ta zauna a kan kujera 'yar tsugune, agogo a hannu, ta jira lokacin juyi ya yi da kansa, ta jira lokacin kunu ya yi da kansa. Da aka canza zani ta miƙe ta shafa shi da tafin hannu, daga sama har ƙasa, ta koma ta zauna. Laifi ɗaya ta kama, kuma ta yi faɗa a kansa sosai: wai matata da bayanta take ɗaga Inna maimakon ta lanƙwasa gwiwa, in ta ci gaba haka nan da 'yan shekaru ita ma sai an juya ta.

Sai bayan la'asar suka fito. Aka shimfiɗa mata a rumfa, aka kawo jabana, wato gahawa. Ta sha ƙaramin kofi ɗaya, ta fito da takardar daga jaka, ta ɗora a cinya, ta cike ta layi-layi ba gaggawa, ta sa hannu a shafi huɗu, ta buga hatiminta. Ni ina gefe ina jiran ta ambaci man riɗi. Ba ta ambata ba, ko a ranar ko daga baya. Ni da kaina na fasa ƙwan bayan sati biyu, matata ta yi kwana uku tana gaishe ni kamar baƙo.

Da na ga an sa hannu sai bakina ya dawo. Na ce, “Sista, ashe ke tamu ce? Ban taɓa jin kin yi Hausa ba.” Ta ce kakarta a ƙafa ta zo daga Yamma za ta Makka, ta tsaya a nan. Sannan ta ce, “Ba ka taɓa kwanciya a ambar ɗina ba ne, Ustaz. Masu lafiya Larabci ya ishe su.”

Washegari matata ta hau dutse ta tura hoton takardar, saura kwana huɗu wa'adi ya cika. Jami'a ta karɓa. Inna ta ƙara shekara ɗaya da rabi, ta rasu a ɗakinta, jikinta lumui, matan da suka yi mata wanka har yau suna faɗa. Bara matata ta karɓi digirinta, yanzu tana aiki a ambar ɗin mata. Ina alfahari da ita fiye da yadda bakina zai iya, kuma bakina ba ƙarami ba ne.

Amma a ranar, da yamma, da taraktar ta dawo za ta koma bakin titi, mun rako Sista har gindin tirela. Matata na riƙe da jakarta, tana ta godiya. Sista ta tsaya ta dafa taya don ta huta da gwiwa. Ta ce har yanzu ita ba ta yarda da jinya ta waya ba, kada wani ya ce ta ce. Sai ta rage murya, ta koma Hausa.

“Ke, saurara. Ni ban haifi mace ba. Maza biyu gare ni, duk suna Saudiyya, matansu ban san su ba sai a hoto. Gwiwoyin nan sun kusa ajiye ni, na san alamun, na ga irinsu da yawa. Ɗalibai nawa suka bi ta hannuna, ban iya ƙirgawa ba. In ranar ta zo, ke nake so a kira mini.”

Matata ta ajiye jakar a kan laka. Hawaye na zuba, sai da ta share fuska da gefen mayafi sau biyu. Sannan ta ce, “In sha Allahu, Sista. Amma ki sani tun yanzu, ba zan ɗaga miki ƙafa ba. Ko kina zagina sai na yi abin da ya kamata.”

Sista ta kama ƙarfen tirela, ta miƙa wa matan sama hannu.

Ta ce, “Shi ya sa na ce ke.”